Sunan Shugaba da Jan Biro

Shekara uku Palesa Motaung ta yi tana koyar da Turanci a makarantar Shugaba Byun da ke Gimhae a Koriya ta Kudu, hawa na huɗu, saman kantin magani. Irin makarantun kuɗin nan ne da yara ke zuwa bayan an tashi daga ta gwamnati, su iso a gajiye su koma a gajiye. A tsawon shekarun nan ba ta taɓa buɗe baki ta nemi komai ba. Aka ce ta riƙa zuwa ran Asabar, ta zo. Aka ƙara mata aji biyu ko sannu babu, ta karɓa. Alkawuran da aka yi mata da fatar baki kuwa, ko ɗaya bai cika ba, ita dai sai ta rusuna ta ce ta gode.

Bana akwai abin da take so, abu ɗaya tal. 'Yarta Dineo, mai shekara bakwai, tana can Welkom a Afirka ta Kudu wurin kakarta, ga kakar ƙafa ta fara gagararta. Palesa na son ɗauko yarinyar. To amma ɗakin da makaranta ta kama mata, in tana kwance a gado ta miƙa hannu sai ta taɓa tukunyar shinkafa. Ina za a sa yarinya a nan? Shi ya sa take neman gida mai ɗaki biyu, da a bar ta ta riƙa tashi daga aiki ƙarfe bakwai maimakon tara na dare.

Tun da damina ta faɗa wa Shugaba. Shugaba Byun, dattijuwa gajera mai saurin tafiya, wadda ba ta taɓa barin firjin Palesa babu kimchi ba, kabejin nan mai yaji da suke ci da komai, ta dafa hannunta ta ce, "Haba 'yata, za mu duba." Palesa ta san wannan za mu duban kamar yunwar cikinta. Shi aka ce mata ranar da aka ɗora mata Asabar.

Ana cikin haka sai mijin Shugaba ya faɗi ya mutu. Palesa ta sa baƙaƙen kaya ta je, ta ajiye farin fure gaban hotonsa, ta wuni tana kai wa masu gaisuwa miya da shinkafa kamar 'yar gida. Bayan nan wa zai tayar da maganar gida? Ta haɗiye. Sai dai kwanaki ba su tsaya jiran kowa ba: saura mako uku kwantiraginta ya ƙare, bizarta kuma a jikin kwantiragin take.

Ran Litinin Malama Hwang ta ajiye mata sabon a kan tebur. Ita ce babbar malamar makarantar, da ita suke cin abincin rana kullum, Palesa na ce mata Yaya. Palesa ta buɗe shafi-shafi har ƙarshe. Na bara ne sak, kwanan wata kawai aka canza.

"Yaya, ina maganar gidan?"

"Sa hannu kawai, ke dai."

"In sa hannu a kan me? Babu gida, babu ƙarfe bakwai, ga Asabar nan daram."

"Ke fa kin cika son takarda. Takarda ce za ta kawo miki kimchi? Matar nan tana cikin makoki, ko kwana arba'in da tara ba a cika ba. Ki bari a yi addu'ar tukuna."

"Kafin nan na sa hannu, an gama da ni. In sake cewa Dineo ta jira wata shekarar? Sau biyu ke nan, Yaya. Yarinyar ta daina tambayata ma, shi ya fi yi mini ciwo."

Malama Hwang ta ɗaga kafaɗa. "Ni dai na faɗa miki. Taurin kanki ya fi na ɗalibanki."

Gaskiya Palesa ba ta yi laifi ba da ta ƙi yarda. Kowane baƙon malami a ƙasar nan ya san abin da ba a rubuta ba, babu shi. Tana zaune a ɗakin malamai, ga littattafan yara arba'in jibge a gabanta tana dubawa, saura minti goma a buga ƙararrawa. Ta jawo kwantiragin. Jan biron da ke hannunta shi ta ci gaba da shi. Ta soke layin Asabar, ta gyara tara ta koma bakwai, ta rubuta maganar gida a gefe. A can ƙasa ta ja layi na sa hannu, kuma don girmamawa ta rubuta sunan Shugaba da harufan Koriya, a tsanake, harafi bayan harafi: Byun Ok-ja. Har daɗi ta ji da rubutun ya fito da kyau.

Kada wani ya ce ba ta sani ba. Ta sani sarai. Tun makonta na farko, da ta rubuta sunan wata ɗaliba da ja a allo, ajin ya kaure da ihu, yarinyar ta fashe da kuka wai an kashe ta, don a ƙasar matattu ake rubuta wa suna da ja. Tun ranar take ajiye shuɗin biro musamman don sunaye. Ranar nan dai hankalinta na Welkom, shi ke nan.

Washegari da azahar, kafin yara su iso, ta shiga ofis da kwalin 'ya'yan itace. Ta ajiye, ta miƙa takardun da hannu biyu. Shugaba ta rame, baƙar rigar ta yi mata yawa. Ta yi murmushi, ta sa tabarau.

"Zauna, 'yata. Kin ci abinci?"

"Na ci, Shugaba."

Ta fara karantawa. Shafin farko ta ɗan tamke fuska, ganin an bi takardarta da ja kamar aikin gidan ɗan aji biyu. Ta dai daure ta ci gaba. Da ta kai shafin ƙarshe sai hannunta ya tsaya. Palesa ta bi idonta da kallo, a nan ta gani. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shugaba ta cire tabarau ta naɗe a hankali.

"Rubutunki ya yi kyau," ta ce. "Kin ƙware."

"Shugaba, don Allah, ban lura ba, littattafai nake dubawa…"

"Saura kwana tara a yi masa addu'a. Kin ƙosa in bi shi ne?"

"Wayyo, a'a! Ki yafe mini, kuskure ne. Bari in sake bugo wata yanzu-yanzu."

Da a nan ta tsaya, ta sunkuya ta fita, wa ya sani? Amma haƙurin shekara uku ya ƙare wa Palesa.

"Shugaba, biro ne fa kawai. Ni 'yata nake magana a kai. Shekara uku ina ji za mu duba, za mu duba, ban ga abin da aka duba ba. Laifi ne don na ce a rubuta?"

Shugaba ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Gaskiyarki, Malama Motaung. Biro ne kawai." Ta tattara takardun ta daidaita bakinsu a kan tebur. "Kina iya tafiya, yara sun kusa zuwa."

Malama Motaung. Rabon da ta kira ta haka tun ranar da ta ɗauko ta daga filin jirgi.

A ɗakin malamai Malama Hwang ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe mu! Da ja? Sunanta? A cikin makoki?"

"To hatiminta ba da jar tawada take buga shi ba? Kullum sunanta da ja yake fita!"

"Hatimi daban."

"Me ya bambanta su?"

"Ke, kada ki tambaye ni! Daban ne kawai."

Palesa ta sake bugo takardar tas da baƙi. Ta rubuta wasiƙar ban haƙuri, Malama Hwang ta gyara mata kalmomin ladabi har sau uku. An karɓa da hannu biyu, an yi godiya. Ba faɗa, ba tsawa, ai da ma faɗan aka yi da ya fi sauƙi. Asabar ɗin da ta biyo baya aka ce ta huta, tunda ba ta so. Ranar addu'a duk malamai suka tafi a motar makaranta, ita ba wanda ya ce mata tafi ko zauna. Kimchin firjinta ya ƙare, ta wanke robar da ake zubo mata shi ta kawo ofis kamar yadda ta saba, robar ta kwana huɗu a kan tebur ba wanda ya taɓa ta.

Ana saura mako guda aka ba ta amsa, a rubuce kamar yadda take so: makaranta na godiya da hidimarta, ba za a sabunta ba. Aiki kam za ta samu, makarantu irin wannan sun fi kantunan kofi yawa. Amma sabon wuri na nufin ɗaki ɗaya, da tashi ƙarfe tara, da shekara guda ta sunkuyar da kai kafin ta isa ta nemi ko allura. Maganar Dineo ta mutu ke nan, ta kuwa san ta mutu.

Ranarta ta ƙarshe, wajen ƙarfe biyu, tana zuba tarkacenta a kwali, Malama Hwang ta shigo ta tsaya bakin taga. Ta daɗe tana juya kofi a hannu.

"An ce kada in faɗa miki. Amma in ban faɗa ba zai tsaya mini a wuya. Zo ki gani."

Palesa ta zo.

"Kin ga ginin can, bayan gidan burodi? Hawa na uku, tagar mai labule ruwan ƙwai."

"Na gani."

"Ɗaki biyu ne. Marigayi mijin Shugaba da kansa ya nemo shi tun watan da kika yi magana, wai don yana kusa da firamare, yarinya ba sai ta tsallaka titi ba. Labulen Shugaba ce ta ɗinka. Makullin na cikin jakarta tun kafin ya mutu. So take a gama addu'a ta kai ki da kanta, ta ce abu na ƙarshe ne da ya yi."

Palesa ta juyo. "To me ya hana ta rubuta? Layi ɗaya fa, Yaya! Me ya hana ta faɗa mini?"

"Ita a ganinta 'ya ba a yi mata kyauta da sa hannu." Malama Hwang ta share ido da bayan hannu. "Ke ma da gaskiyarki. Ita ma haka. Jibi za a mayar wa mai gidan makullinsa."

Wayar Palesa ta yi ƙara a cikin kwali. A Welkom ƙarfe bakwai ne na safe, lokacin da kaka ke ba Dineo waya kafin ta tafi makaranta. Palesa ta goge fuska ta ɗauka. Ga yarinyar nan da giɓinta, an yi mata kitso sabo.

"Mama! Kaka ta ce wai wannan karon da gaske ne. Na ce mata ni ban yarda ba sai na ji daga bakinki." Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Mama, ɗakina yana da taga?"

Palesa ta ɗaga kai ta dubi tagar. A can tsallaken titi wani ya shiga gidan, ya hau kujera, ya fara cire labulen.