Tabarmar Gwaggo Lesieli

Na tsufa ina koya wa yara rugby, wato ƙwallon zari-ruga, a unguwarmu ta Mount Druitt. Duk yaron da ya fara ƙwari, sai dillalan manyan kulob na bakin teku su zo su ɗauke shi. Mu ne da shuka, su ne da girbi. Wannan na saba da shi. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ɗaya daga cikinsu, Glenn Hartigan, ya yi wa jikana Darcy.

Darcy yana ɗan shekara sha huɗu Glenn ya zo da sabon takalmi da daɗin baki, ya raba shi da gida da makaranta. Da gwiwar yaron ta lalace, ta waya aka sallame shi. Yau Darcy dako yake yi a kantin kayan abinci, yana ɗingishi, ko a talabijin ba ya kallon wasan.

Bana sai Allah ya ba ni Semisi, ɗan mutanen tsibirin Tonga da ke zaune a nan. In ya rungumi ƙwallo ya taho, sai mutum uku sun rataya a jikinsa kafin ya kai ƙasa. Ana ta cewa za a kafa dokar hana ɗaure ƙananan yara da kwantiragi, don haka dillalai suka shiga rige-rige kafin a rufe ƙofa.

Ran Asabar ina gasa nama a bakin fili sai ga Glenn.

"Des, tsohon ƙarfe! Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga naka tukuna."

Ya yi dariya, ya ɗauki nama. Ko sunan Darcy bai ambata ba. "Yaron nan mai lamba takwas, wa zan gani a gidansu?"

"Semisi? Ubansa mana, Manase. Ka je ran Lahadi bayan coci. Kada ka tsaya ɓata lokaci da mata, mutanen nan namiji mai magana kai tsaye suke so."

Na daɗe ina cin abincin 'yan Tonga, na san abin da shi bai sani ba. A wurinsu yayar uba ita ke da 'ya'yan ƙaninta. Manase, duk girman jikinsa, ko gefen tabarmar yayarsa Lesieli ba ya takawa.

Ran Lahadi na riga shi zuwa. An baje gasasshen alade da makani a bayan gida. Lesieli, 'yar tsohuwa ƙarama, tana zaune kan tabarma mafi kyau tana fifita, an ajiye mata tsokar da ta fi kowace. Glenn ya shigo da fara'arsa, ya hau tabarmar da takalmi, ya tsaya a kanta ƙerere, ya yagi naman gabanta.

"Mama, ɗan matsa can, ko ki haɗo mana shayi. Maganar maza za mu yi."

Manase ya sunkuyar da kai, gumi na tsatso masa.

Lesieli ba ta dubi Glenn ba, ni ta duba. "Des, baƙonka ne?"

"A'a, Gwaggo. Shi ne ya ɗauki Darcy."

"Yaronka mai ɗingishi? Wanda ke kai min buhun shinkafa mota?"

"Shi."

Ta ajiye mafici. "Ni na raɗa wa Semisi suna. Zai gama makaranta, kuma Des zai buga wa. Kai kuma sauka min daga tabarma."

Glenn ya juya wajen Manase. "Haba, ɗan'uwa, kai ne fa ubansa! Ka san abin da na zo da shi?"

"Ta gama magana," in ji Manase, idonsa a ƙasa.

Glenn yana fita ya harare ni. Na ɗaga masa ƙashin da nake gwagwiya.

Lesieli ce shugabar matan cocinsu, kuma maganar mata ba ta jiran mota. Kafin kakar wasa ta zagayo, daga unguwar Blacktown har ta Campbelltown ba gidan ɗan Tonga da ke buɗe wa Glenn ƙofa. Dillalin da ba ya kawo 'yan Tonga kuwa, me kulob zai yi da shi? Suka sallame shi. Ta waya, aka ce.

Ni da kaina na kai wa Darcy labarin. Ya ci gaba da jera kwalaye. Amma ran Asabar na hango shi jingine da shingen fili, yana yi wa Semisi ihu ya sunkuyar da kafaɗa.