Unguwar da Rana ke Fito Mata ta Ƙasa

Jiya da dare na yi wani mafarki, irin wanda ba na fatan ko maƙiyina ya yi.

Sunana Sallau, tela ne ni. Shekararmu bakwai da aure ni da Hansatu, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mun sha saiwa, mun sha rubutu, mun sha surutun mutane, wanda ya fi sauran ɗaci. Maganin da nake kai yanzu mahaifinta, Baba Jatau, shi ya kawo da kansa. Hansatu kuma ta gaya mini shi ne na ƙarshe. In bai yi ba ta haƙura da haihuwa, kada kowa ya sake yi mata zancen. Da wannan a raina na kwanta.

Sai ga ni a bakin wata unguwa da ke rataye. Gari yana can sama da hayaniyarsa, ita kuwa an saƙale ta a ƙasa cikin wata jakar fata, tana ɗan lilo. A ƙofar shiga wani bunsuru na zaune a kan tebur, da tabarau a hanci, yana tuƙa.

"Sallau tela?" in ji shi. "Ka makara."

"Ranka ya daɗe, ina ne nan?"

"Marainanka."

Na ce a'uzubillahi. Na dubi hagu na dubi dama ko wani ya ji. Ni da ko awon wando zan yi wa dattijo sai na kau da kai, yau ga dabba ta faɗa mini wannan kalma gatsal, ko kara babu. Sai na tambaye shi wanne daga ciki.

"Na hagu. Na dama ma haka yake, sai dai su suna mana girman kai don sun ɗan fi mu tudu."

"To me kuka yi aka fitar da ku bayan gari kamar majema?"

"Gari ya cika zafi," in ji shi. "Aikinmu ba ya jure ɗumin jiki, sai ya ɗan gaza haka. In sanyi ya yi yawa a ja mu sama, in zafi ya yi a sassauta mana igiya."

Na ce to, ban dai sa maganar a kai ba. Hankalina yana kan gemunsa, wanda ya fi nawa tsari.

Sai ga mu cikin wani lungu mai siffar bututu. Ba shi da sama ba shi da ƙasa, mutane na tsaye a kowane gefe, ƙafafu a bango, kawuna sun nufi tsakiya. Lungun ya murɗe ya sake murɗewa kamar zaren da kyanwa ta samu. Bunsurun ya ce irinsa ɗaruruwa ne a unguwar. A tsakaninsu wasu masu tukwane na dafa wani romo, wai shi ne ya fito mini da gemu ya kuma buɗe mini murya.

A jikin bango wasu ƙulu-ƙulun mutane na zaune, ba wuya ba ƙafa. Ina kallo ɗaya ya yi atishawa ya zama biyu. Guda ya gyara zama a inda yake, gudan ya gangara ciki. Ba wanda ya ce masa yarhamukallahu.

"Waɗannan su ne tushe," in ji bunsurun. "Tun kana cikin mahaifiyarka suke nan suna barci. Shekarar da ka balaga aka aiko daga sama, daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, aka ce su tashi. Tun ranar ko hutun Sallah ba su taɓa yi ba."

Kunya ta kama ni. Ni da nake rufe shago in an ɗan yi yayyafi, ashe a jikina akwai waɗanda suka shekara ashirin ba su runtsa ba.

Da muka matsa ciki na ga wasu mata dogaye, ƙafafunsu a bango, kawunansu har tsakiyar lungun. Sun riƙe hannun juna gam, ko allura ba za ta wuce ba. Yara sun maƙale musu ko'ina, a hammata, a haɓar zane, suna ba su abinci a baki. A bayansu wasu fararen dogarai na kai da kawo, suna leƙe.

Na gaida ta kusa da ni. "Gwaggo, sannu da aiki. Me ya sa kuka tare hanya?"

"Dogaran jininka ne," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Ba su san yaran nan ba. In suka gan su, baƙi za su ɗauke su, su kashe."

"'Ya'yana ne fa!"

"Je ka gaya wa jinin naka."

Na san ɗan uwa kan ci amanar ɗan uwa, amma ban taɓa jin an ɓoye wa mutum 'ya'yansa don tsoron jininsa ba.

Sai ga ni a wurin rabon gado, alhali ba wanda ya mutu. Kowane ƙulu-ƙulu ya buɗe akwati biyu, ɗaya na mahaifina, ɗaya na mahaifiyata. Suka shimfiɗa kayan gefe da gefe, suka hau yanka suna musanye. Da idona na ga an cire hannun rigar Baba an jona a zanen Inna. Na dafe ƙirji. Shekarata goma sha takwas a kan keke ban taɓa ganin wannan ɗanyen aiki ba, amma abin haushi, ɗinkin ya zauna daram. Daga nan mai akwatin ya rabu biyu, biyun suka sake rabuwa, suka zama huɗu. Kowanne ya ɗauki rabin kaya, kuma babu wanda ƙunshinsa ya yi kama da na ɗan uwansa.

"Rabi?" na ce. "Ina sauran?"

"Yana wurin matarka," in ji bunsurun. "Da kana tsammani kai kaɗai ake haifa? Biyu daga cikin huɗun nan mata za su zama, biyu maza. Wannan ma a nan ake yanke shi, ba a ɗakinta ba."

Na tuna maƙwabcina da ya yi wata guda yana fushi da iyalinsa don ta haifi mace ta huɗu. Na so a ce yana wurin.

Kusa da tsakiyar lungun kuwa shagon ɗinki ne sosai. Nan ake rage musu ƙiba, su tuɓe naman da ya yi yawa, gwaggonnin su tsince su cinye, ba sa barin ko ƙyalle a ƙasa. A kafa wa kowa hula a goshi, wadda zai huda ƙofa da ita ran da ya isa. A naɗa masa batura a wuya, a zaro masa doguwar wutsiya. Wanda aka gama sai a sake shi cikin wani ruwa da ke gudana a tsakiya, ya tafi da shi kamar kara, don ko iyo bai iya ba tukuna. Bunsurun ya ce akwai makarantar iyo a bayan unguwa. Ya ce daga bango zuwa bakin ruwan nan tafiyar wajen wata biyu da rabi ce, kuma kullum miliyoyi ake sallama.

Nan ne idona na tela ya fara ganin abin da ya tayar mini da hankali. Wannan wutsiyarsa a karkace, wancan kai biyu gare shi suna gardama, ga wasu ba hula, ga wasu tuli guda a kwance ko motsi ba sa yi. Masu kyan sai ka ƙirga su da yatsu. Raina ya ɓaci.

"Wane ɗan koyo ne ke wannan aiki?" na daka tsawa. "Wallahi da a shagona yake, yau zai kwashe komatsansa! Ana can mace na kuka shekara bakwai, ku kuna nan kuna ɓata yadi?"

Gwaggonnin suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Bunsurun ya cire tabarau ya goge a gemu.

"Jira rana ta fito," in ji shi.

Sai na ji ana jan ƙafar wandona. Wata 'yar mitsitsiya ce, har yanzu ƙulu-ƙulu, wutsiyar ta ɗan tsiro kamar tsiron albasa. Hancin mahaifiyata ne a fuskarta sak, da rabin wushiryata.

"Kai ne mai garin?" in ji ta.

"Haka suka ce."

"An ce rabina yana wurin wata mata. Tana da kirki?"

"Ta fi ni," na ce.

"Tana jirana?"

Na gyaɗa kai.

"To ka ce ta ƙara haƙuri. Saura a gama mini wutsiya."

Na tsuguna na ɗauke ta a tafin hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so 'yar nan a lokacin ba.

Sai rana ta fito. Ba daga gabas ba, daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Fatar unguwar ta yi ja, gumi ya fara zuba sama yana ɗiga a kan gari. Wani ya yi ihu a sassauta igiya, aka sassauta, kamar yadda suka saba in zafi ya yi. Unguwar ta sauka, ta ƙara kusantar wutar. Gwaggonnin suka baza zannuwa suna rufe yara, amma yaran sun fi zannuwan yawa. Ina gani wutsiyoyi suna lanƙwashewa kamar leda a bakin murhu. Masu rabon gado suka rikice, wani ya kwashi kaya fiye da rabonsa, wani ya tashi hannu wofi. Ba wanda ya yi kuka, faɗuwa kawai suke yi.

"Innalillahi!" na ce. "Wane azzalumi ne wannan?"

Sai hayaƙi ya shigo, na shaƙa. Tazargade ne da sassaƙen itace. Na san ƙamshin nan kamar yadda na san sunana.

Baba Jatau ya ce sanyi ne ya kama mini mara, kuma ba abin da ke korar sanyi sai zafi. Wata uku ke nan kowace magariba Hansatu na hura gawayi a kasko, ta barbaɗa maganin, in zauna a kan kujera mai huda a samansa, ta lulluɓe ni da bargo har sai gumi ya jiƙe ni sharkaf. Da ta ce shi ne na ƙarshe, ni da kaina na ce a mayar da shi safe da yamma.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wannan ai maganina ne."

"Maganin me?"

"Sanyi."

Bunsurun ya daina tuƙa. "Sanyin da muka baro gari muka zo nema?"

Na durƙusa na kafa baki a ƙasa na ƙwala kira. "Hansatu! Kashe! Zuba ruwa!" Amma maimakon murya, farin zare ne ke fita daga bakina, yana taruwa a gabana. Na ƙara ƙwalawa, zaren ya ƙara yawa.

"Wannan zubin in aka sake hura musu sau ɗaya, shi ke nan," in ji Gwaggo, tana kakkaɓe haɓar zanenta da ta kama da wuta. "Sai dai ka jira waɗanda ke bango su iso."

"Ba za ta jira ba! Ta ce na ƙarshe ne!"

"Mu dai namu reno."

"Baba," in ji 'yar da ke hannuna. Shi ne karo na farko a rayuwata da wani ya kira ni haka. "Akwai zafi."

Na dunƙule hannu a kanta, na cusa shi cikin rigata, na rasa inda zan gudu, don duk inda na taka jikina ne. Daga can ƙasa wata iska na tasowa tana ƙara wa ranar ƙarfi, faf, faf, faf.

Faf, faf, faf.

Na buɗe ido. Gari ya fara wayewa, ƙarar mafici ce a ƙofar ɗaki. Hansatu na tsugune gaban kasko tana fifita, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ta riga ta ajiye kujerar, ta ninke bargon a kai. Da ta ga na motsa sai ta yi wani murmushi da na daɗe ban gani a fuskarta ba.

"Malam, taso kada ya huce," in ji ta. "Baba ya ce in ka ji zafin har cikin ranka, to maganin ya fara kamawa. Ni dai jikina na ba ni wannan karon za a dace."

Na sauko da ƙafa ɗaya daga gado, hannuna na dama har yanzu a dunƙule.