Malejin Japan a Motar Mazlan

Shekara ashirin da biyu ina zaune da Mazlan, ban taɓa jin ya ce "ban iya ba". Mutumin da in ya taɓa famfon banɗaki sai mun kwana biyu muna wanka a maƙwabta. Don haka ranar da ya shigo rungume da kwali yana murmushi shi kaɗai, na san wata ta sake samunmu.

Motarmu 'yar ƙarama ce, in mutum huɗu suka shiga sai gwiwa ta gaisa da haɓa. Ta tsufa, amma tana kai mu kasuwar Baling ta dawo da mu. Laifinta ɗaya a wurin maigidan: allon malejinta ba shi da kwarjini, allura biyu ce kacal, ta gudu da ta mai. Shi ne ya tafi Sungai Petani wurin Ah Hock, mai sayar da motocin Japan da ake yankowa rabi-rabi, ya ciro allon wata mota da ko dangin nesa ba su haɗa da tamu ba. Allura huɗu, ga koriyar fitila, ga wani rubutu wai "turbo" da ke kunnuwa da kansa.

A gabana Ah Hock ya gaya masa, ranar da muka koma karɓo wayoyi.

"Mazlan, allon nan ba na motarka ba ne. Giya ba ɗaya ba, taya ba ɗaya ba. Zai shiga ramin, amma ƙarya zai riƙa yi maka."

"Kai dai sayarwa ka iya, tauke mai shago. Haɗawa tamu ce."

Ya haɗa kuwa, bayan kwana uku a gindin bishiyar rambutan yana zagin sukudireba. Daga ranar, motar da ba ta taɓa wuce tamanin ba ta koma nuna ɗari da arba'in. In allura ta haura tamanin sai wata ƙararrawa ta kama kin-kon, kin-kon, irin ta Japanawa mai gargaɗin gudu. A shagon kofi ya ce wa abokansa injin ya sauya ɗungurungum. Har a ƙofar masallaci ya faɗa. Ni na san inji na nan da tarinsa na safe, amma wa ya aike ni.

Ana haka kujerar Mak ta fito. Surukata ke nan, Mak Embun. Shekara goma sha tara tana jiran layin Makka, har ta kai saba'in da shida, ga ciwon zuciya. Kowa ya san abin da ba a faɗa: akwai masu tafiya ajali ya riƙe su a can. Ranar walima dangi suka yi layi suna sumbatar hannunta suna neman gafara. Mazlan ya ƙi shiga layin. Ya ce shi ne babban ɗa, shi zai kai ta sansanin alhazai a Pulau Pinang da motarsa, kuma nasa neman gafarar sai a bakin ƙofa, ya zama hannunsa ne na ƙarshe da za ta riƙe. Yana da abin nema kuwa, ba kaɗan ba. Na ga yana maimaita kalmomin a gaban madubi.

Mak tana da doka ɗaya. Tun da motar katako ta yi ajalin mijinta, ba ta yarda a wuce sittin da ita. Ba ta duban taga, wai jiri take yi mata. Tsakiyar kujerar baya take zama, carbi a hannu, ido a kan allura.

Sha biyu za a rufe ƙofar sansani. Mun tsara fita takwas, amma kuka da addu'a da kiran sallar rakiya suka kai mu tara da rabi. Motoci goma sha ɗaya suka jeru a bayanmu, kuma ba a wuce motar maniyyaci, ko da kuwa tura ta ake yi.

Mazlan ya ɗora allura a kan sittin cif. Mak ta ce, "Madalla."

Ni da ke gaba ina ganin gaskiya ta taga. Itatuwan roba suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har kana iya ƙirga kofunan tarar ƙaro da ke jikinsu. Ko arba'in ba ma yi. Wani mai babur ya wuce mu, ɗauke da birin tsinkar kwakwa a baya, birin ya waiwayo ya ƙare mana kallo.

Mazlan ya ɗan ƙara totur. Allura ta leƙa saba'in.

"Lan," in ji Mak, da sunan da take kiransa.

Ya sassauta. Can a gangara ya sake gwadawa, sai ga kin-kon, kin-kon.

"Ka ji ko? Ita kanta motar salati take yi. Makka na ce ka kai ni, ba wurin ubanka ba."

Na matso na yi ƙasa da murya. "Abang, maigida, ka gaya mata."

"Yi mini shiru, Yah," ya ce, ya gutsure sunana.

"Ƙarfe goma da rabi fa."

"Na ce na gani."

Gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Haushi ya cika ni har wuya, amma tausayinsa ma na ji, don na san abin da yake aunawa. In ya faɗa, ba Mak kaɗai za ta ji ba. Rabin shagon kofi na cikin ayarin nan.

Sha ɗaya saura, ko Kulim ba mu kai ba, Sobri ƙanensa ya yi ta danna oda har muka tsaya a gefen titi. Kowa ya fito. Sobri ya leƙo ta taga.

"Bang Long, babban yaya, lafiya? Turbon ne ke azumi?"

Mazlan ya fito ya tsaya, hannu a kan ƙofa. Ya dubi agogo, ya dubi mutane. Sannan ya sunkuya wajen Mak.

"Mak, allon nan ba na motar ba ne. Na Japan ne, ƙari yake yi. In ya ce sittin, ko arba'in ba mu kai ba. Injin ma ban sauya ba, tsohon ne."

Wani a baya ya yi tarin da ba tari ba. Pak Din mai kofi ya juya yana duban gona, kafaɗunsa na rawa.

Mak ta dubi allon, ta dubi ɗanta, ta ja carbi ɗaya.

"Lan, ni na haife ka. Kana shekara shida ka ce mini akuya ce ta cinye kuɗin makaranta. Tsakanin kai da allurar nan, ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. So kake in bar ka ka yi gudu."

"Wallahi Mak..."

"Kar ka rantse, ina kan hanyar ɗakin Allah."

Na sa baki, Sobri ya sa baki, liman ma ya matso ya ce shi ya ga biri ya wuce mu. Mak ta ce duk bakinmu ɗaya. Lokaci kuwa ba ya jiran gardama.

Sai Sobri ya sosa ƙeya ya ce, "To Mak, zo ki shiga tawa. Allurata ba ta taɓa kai sittin ba. In ta kai yau, ki tsine mini."

Gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Wayar malejinsa ta tsinke shekara uku da suka wuce, allura na kwance abinta ba ta ko motsi. Mak ta je ta leƙa, ta ce wannan ita ce mota mai tarbiyya. Nan da nan aka kwashe jakunkuna.

Na damƙi hannun Mazlan. "Durƙusa yanzu ka nemi gafararka, ga ta nan."

Ya dubi su Pak Din, waɗanda har yanzu ba su gama share hawayen dariya ba.

"A gefen titi? A ƙofa na ce. Ni zan ma riga su."

Sobri ya fizgi mota, ayari ya bi shi, tunda yanzu shi ne mai maniyyaciya. Mazlan ya take totur har ƙasa. Allura ta hau ɗari da arba'in ta ƙure maleji, turbo ya yi kore shar, ƙararrawa ta yi ta kin-kon ba numfashi, motoci goma kuma suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, har da ta liman. Haka muka hau gadar Pulau Pinang, motocin siminti na yi mana oda mu ba su hanya.

Sha biyu da minti ashirin da biyar muka isa. An rufe ƙofa. Ta tsakanin ƙarafa muna hango farare-farare suna shiga wani dogon zaure, ba ka bambance uwar wani da ta wani. Mazlan ya roƙi mai gadi, ya ce shi ne babban ɗa. Mai gadi ya nuna masa cincirindon da ke waje ya ce duk nan manyan 'ya'ya ne.

Sobri ya ratso mutane ya zo, idonsa ja. Wannan karon ba tsokana a bakinsa.

"Ta jira ka har aka kira sunanta sau biyu, Bang Long. Ta ba ni saƙo."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce kuma don Allah ka rage gudu."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Mazlan ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, ya kifa goshi a kai, yana faɗin kalmomin nan nasa a hankali, ba mai ji sai ni.