Igiyar Janareta da Baƙin Allo

Ni na fara ganin abin. Kafin Muktar, kafin Barakat, kafin duk masu boko. Ni Yero, da ban taɓa zama a aji ba. Ramin kuza ya rufta da ni a Bukuru na fito da ƙafata, to gilashin kwamfuta ne zai kayar da ni?

A shekarar 2006 ina gadi a shagon intanet na Oga Emenike a Tudun Wada, ni ne kuma mai tayar da janareta. Duk sanda aka ɗauke wuta na tayar, sai allon kwamfutoci huɗu ya dawo baƙi ƙirin, akwatin kwamfutar kuwa yana ta ƙugi abinsa. Oga ya ce hannuna ne.

"Baba, kai ke lalata min kaya. In bai daina ba zuwa ƙarshen wata, ka naɗe tabarmarka."

Muktar, injiniyan shagon, ya ce matsalar tana cikin wani rubutu da ke koya wa kwamfuta magana da allo, direba suke ce masa. Ya zauna kwana uku ya rubuta gyara. Amma manhajar da ke kan kwamfutocinmu ta kyauta ce, masu gyaranta kuma suna da ƙa'ida: gyara ba ya shiga sai wani ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Barakat, 'yar Yarabawa da ke koyar da kwamfuta a gari, ita ce mai dubawa.

Ta zo shagon da takarda duk jan biro.

"Muktar, sau goma na cire wuta a ofishinmu, allo ya dawo lafiya. Ba na sa hannu a kan ciwon da ban gani ba."

"Haba Barakat, ni fa abokinki ne."

"Shi ya sa na karanta sau biyu."

Saura kwana biyar wata ya ƙare. Na matso na ce, "'Yata, allonku a ina yake jone?"

"A batir, tare da akwatin."

"To mu nan, Oga akwati kawai yake jonawa a batir don kada ya ƙare da wuri. Waɗannan huɗun allonsu a soket ɗin bango yake jone. Kuma in na juya wuta janareta yana tari, baƙi. In na jira muryarsa ta daidaita, fes."

Muktar ya ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambayi maigadi?"

Barakat ta ce in nuna mata. Na kashe, na ja igiya, na juya. Baƙi. Ta leƙa rubutun ta ce allon yana farkawa da magagi, kwamfuta ta tambaye shi girmansa sau ɗaya, ya ba ta shirme, ta yarda. Gyaran Muktar ko kusa da wurin bai je ba. Ta soke shi gaba ɗaya. Ya ɓata rai, ya sake sabo: kwamfuta ta jira, ta tambaya sau uku.

Ta ce sai an gwada sau arba'in. Oga ya ce kafaɗata za ta goce. Ina da shekara saba'in da biyu na ja igiyar nan sau arba'in da rana tsaka, ban zauna ba. Allo ko ɗaya bai yi baƙi ba. Sannan ta sa hannu, ta aika, waɗanda ke sama da ita suka karɓa. Tabarmata tana nan inda take.

A ƙasan gyaran ta rubuta wanda ya gano matsalar. Ba na karatu, amma Muktar ya buga min takardar, na san inda sunana yake, layi na biyu daga ƙasa. Mai musu ya zo Tudun Wada ya karanta min da bakinsa. In ya gama, ga janareta can, ya ja min igiya sau goma kawai mu gani.