Ciyawar da Ta Tsufa a Gona

Shanuna uku, kuma da nononsu nake riƙe gidan nan tun rasuwar maigidana. Motar kamfanin madara tana tsayawa a ƙofata kowace safiya, amma direban ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in bokitina ya ci gaba da zuwa rabi, zai daina tsayawa.

Ga yadda aka yi. Ƙungiyarmu ta masu shanu injin yankan ciyawa ɗaya gare ta, bi da bi ake yi. Bana ni ce a farkon layi, lokacin da ciyawa take ɗanya shar, ba ta fid da kai ba. Sai shugaban ƙungiya, wanda ƙanin mijina ne, ya mayar da ni ƙarshe, wai gonata ta yi nisa. Kafin injin ya iso, ciyawata ta yi fure, ta yi kara kamar tsintsiya.

Shanun suka fara ci, suka ja baya. Ciki ya cika tim, amma haƙarƙari a waje. Su sa baki a komin ciyawa, su ture da hanci, su koma su kwanta. Na kira likitan dabbobi, ya dudduba su, ya murza ciyawar a hannu.

“Inna, ba ciwo ba ne,” in ji shi. “Ciyawa in ta tsufa zarenta tauri yake yi, ciki ba ya narkar da shi da wuri. Sai ya zauna a tumbi ya tare wuri. Saniya ta ji kamar ta ƙoshi, ta rage ci. To da me za ta yi nono?”

“Yi musu allura.”

“Babu allurar wannan. Ciyawa za ki canza.”

Na kwashi kashin shanun a tsohon kwano, na nufi ofishin ƙungiya. Na tarar da shugaba da sakatarensa a ƙarƙashin fanka. Na dire kwanon a kan tebur.

“Yaya, wannan wace irin tsaraba ce?” in ji shugaba.

“Sa yatsa ka tona. Kara ya shiga, kara ya fito.”

Ya ja kujerarsa baya. “Ke fa kika fi kowa dami bana. Rumbunki har ƙin rufuwa ya yi. Mu da aka yanka wa da wuri, ɗan mitsitsi muka samu.”

“Damin zan tatsa?”

Sakatare ya sunkuyar da kai yana dariya. Na ce masa shi ma ya matso ya shaƙa, ai da alƙalaminsa aka sauya layin.

“Shi ke nan,” in ji shugaba. “Baɗi ke ce ta farko, na yi alkawari.”

“Je ka faɗa wa direban madara ya jira baɗi. Musanye nake so. Ka kwashi tawa mai yawan, tunda yawa ne ya burge ka, ka ba ni taka.”

“Nawa shanun kuma su ci me?”

“Au, ashe ka san ba ta ciyuwa.”

Ya sosa ƙeya. Muka yi ta ja har fankar ta tsaya. Ya ce ƙungiya ba ta da dokar musanye, na ce ba ta da dokar tsallake layi ma. Daga ƙarshe, don in ɗauke kwanona, ya yarda ya aiko da abin da zai riƙe saniya ɗaya zuwa saukar ruwa. Ɗaya tak.

Da yamma amalanke ya kawo ciyawar, koriya, tana ƙamshi. Shanun uku suka miƙe tsaye suna miƙo wuya. Na daɗe ina kallonsu. Na kwance jar saniyar, wadda ta haihu kwanan nan, na kai ta bayan ɗaki na zuba mata. Sauran biyun na ƙara musu igiya, suna kuka ina zagin shugaba.

Da safe direba ya leƙa bokitin, ya taɓe baki, ya ce zai ga yadda mako mai zuwa zai yi.