Asibitin da Aka Shafa wa Fenti

Ungozoma ce ta ba da filin kyauta, ranar da ƙaramar hukuma ta ce za ta gina wa ƙauyen asibitin haihuwa. Ita ta san matan da suka cika a kan cinyarta a bayan mota, ba a kai birni ba. Ga kuma autarta da tsohon ciki, likita ya ce wannan haihuwar ba ta gida ba ce.

Ɗan kwangila ya tayar da bango, ya ce bari ya je ya sayo kwanon rufi. Har yau yana can yana saye. Awaki suka tare a ginin abinsu, su kwana su tashi.

Sai ga kansila, ɗan ƙanenta, da labarin masu duba ayyuka na tafe.

"Gwaggo, haka za su zo su ga kango? Ai sai su ce ba mu san darajar abu ba."

Maganar ta shige ta. Baƙi su zo su taka kashin awaki? Ina! Ita da kanta ta bi gida gida. Kafinta ya ɓalle kwanon rumfarsa ya rufa gaban ginin. Mai fenti ya shafe fuskar da ke kallon titi, fari tas. Ungozoma ta ciro labulayen ɗakinta ta rataya a tagogin da ko gilashi babu. Mutanen kirki, wallahi, kunya kawai suke gudu.

Baƙin suka iso, ko motar ba su kashe ba. Ɗaya ya zuge gilashi ya ɗauki hoto da waya.

"Madalla! Ku kam kun more."

Aka yi ta tafi, na Ungozoma ya fi na kowa ƙara.

Damina na kankama kansila ya dawo. Ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Gwaggo, a ofis sun ce namu ya kammala. Kwano da gadaje da malamar jinya, duk an kai ƙauyen ƙetaren kogi, su da suka bar nasu kango."

"To ka ce su zo su leƙa ciki mana!"

"Na faɗa. Hoton suka nuna mini. Wai sai baɗi."

Baɗi! Ciki ya san wani baɗi? Ga kogi ya cika ya batse, mota ba ta ratsawa. Kuma ba wanda za ta zaga. Da hannunta ta yi.

Daga ɗaki autar ta ɗaga murya, da fara'arta.

"Inna, in kai kayan haihuwar asibitin namu, ko in jira su kawo gado?"

Ungozoma ta goge ido da bakin zane, ta gyara murya.

"Bar su a jaka tukuna, 'yar nan."