Alewa Ba Tambari

Ina cikin gyara wa Hillie matashin kai aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. Muka dubi juna. A layinmu a garin Veendam, duk wanda ya san gida ta baya yake zagayowa, ya tura ƙofar kicin ya shigo abinsa. Ƙofar gaba ta 'yan sanda ce da masu ɗaukar gawa.

"Je ki buɗe musu, maƙwabciya," in ji Hillie. "Sun zo su ga ko da saurana."

Menno Wieringa ne, shugaban kwamitin gidauniyarta, da Sietse ma'aji a bayansa rungume da furanni kamar wanda aka ba ajiya. Tun da likita ya ce ciwon ya gama cin hantar Hillie Doornbos, babu abin da asibiti zai ƙara mata, muka sauko da gadonta falo kusa da taga don ta riƙa ganin titi. Dokar gidauniyar ta ce ba a yanke babbar magana sai 'yan kwamiti ukun suna wuri ɗaya. Da yake Hillie ce ta ukun, kuma ba ta iya tashi, sai suka ɗauko taron suka kawo mata har bakin gado. Wai girmamawa ce.

Na shiga kicin na ɗora kofi, na bar ƙofa a buɗe. Ba na cikin kwamiti, amma kunnuwana ba su yi ritaya ba.

Hillie ta yi shekaru tana aikin share-share a firamaren unguwarmu, kuma a can ta lura da abin da malamai ba su lura da shi ba: akwai yaran da ciwon ciki ba ya kama su sai ranar zagayowar haihuwarsu. Ran nan ne yaro yake zuwa aji da alewa ko 'yan kek ya raba wa kowa, a sa masa hular takarda, a ɗora shi a kan kujera a yi masa waƙa. Wanda gidansu ba su da halin saye, gara ya kwanta a gida ya ce ba shi da lafiya. Sai Hillie ta fara cika leda irin ta kanti, wadda kowa ke riƙewa, da alewa da garin kek da balan-balan da 'yar kyauta. A kai wa uwar yaro ta ƙofar baya lokacin da yaron yana makaranta. Shi dai ya tashi da safe ya ga uwarsa ta yi masa komai. Ba ta taɓa rubuta sunan kowa ba. Malama ta raɗa mata, ita ta raɗa mini, ni kuma in ɗaure ledar a bayan kekena.

Haka muka yi har abin ya girma, aka yi masa rajista, aka sa masa kwamiti, hukumar gari ta riƙa ba da tallafi. Da hukuma ta janye hannunta aka nemo Menno, ɗan unguwa da ya yi aikin banki a Groningen, wai ya san kan kuɗi. Ya kuwa sani. Kafin shekara ta zagayo an kama ofis a saman kantin magani, an ɗauki darakta mai albashi, an sayi injin kofi mai hayaniya kamar jirgi zai tashi. Kaya kuwa har ranar suna garejin Hillie, don ofishin ba shi da wurin ajiye alewa.

Na kawo kofi da biskit, na tarar Menno ya kai inda yake son zuwa. Wani kamfanin inshora ya yarda ya ɗauki nauyin gidauniyar. Sharaɗinsu kaɗan ne, in ji shi: a manna tambarinsu a kan kowace alewa da kowane kwali, a riƙa ba su jerin sunayen yaran don masu binciken kuɗi, a kuma ɗauki hotunan wasu don rahoton shekara.

"Idan yarinya ta miƙa wa ƙawarta alewa mai tambari," in ji Hillie, muryarta ƙasa-ƙasa, "kafin a tashi tara duk ajin ya san daga ina ta fito."

"Gwaggo Hillie, zamani ya canza. Yanzu ba wanda ke jin kunyar taimako."

"Kai ka tambayi 'yar shekara bakwai?"

Ya ce bai tambaya ba, amma ya san iyayen da aka mayar hannu Rabbana a bana saboda asusu ya bushe, kuma alewa mai tambari ta fi babu. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. An mayar da mutane, ni ma na sani. Abin da na ce daga bakin ƙofa shi ne a sayar da injin kofi a saki ofis, a ga ko asusun ba zai jiƙe ba. Ya juyo ya ce, "Malama Huizinga, wannan zaman kwamiti ne." Yaron da na sha share wa majina, wanda yake kirana Gwaggo Roelie, yau ni ce Malama Huizinga. Sietse kuwa ya dage yana kallon biskit ɗinsa. Tun da na san shi bai taɓa ɗaga hannu ba sai ya ga inda na shugaba ya nufa.

Sai Menno ya gyara zama ya faɗi abin da ya kusa sa ni sakin butar kofi. Ya ce kada a koya masa talauci, a cikinsa ya tashi. Da aka rufe masana'antar kwali ubansu ya bar gari, uwarsu ita kaɗai ta riƙe su. "Amma ko sau ɗaya ban taɓa zuwa makaranta ranar haihuwata hannu Rabbana ba," in ji shi. "Kuma uwata ba ta taɓa karɓar ledar kowa ba. Mai so yana samun hanya. Wanda ya kasa, to kada ya zaɓi irin takardar da za a naɗe masa."

Ni na kai ledar. Da kekena, ta lungun bayan gidansu, shekara bayan shekara, har ya gama firamare. Na san ƙarar ƙofar kicin ɗin uwarsa, Jantina Wieringa, na san yadda take karɓa ba ta ɗago ido ba.

Hillie ta ce ta gaji, su ba ta 'yan mintuna. Suka fita lambu, na rufo ƙofa na dawo bakin gadon. Na ce mata magana ɗaya ce za ta gama wannan taro. Na ce ta faɗa masa inda alewarsa ta riƙa fitowa. In kuma ba ta da ƙarfi, ni ina da shi, har da na sayarwa. In ya juya, Sietse zai bi shi kamar jela, shi ke nan babu tambari.

"Kin ga yadda ya faɗe ta?" in ji ta. "Kansa a sama."

"Na gani. Shi ya sa nake son in sauke masa shi."

"Roelie, abin da na yi shekara da shekaru ina yi ke nan. Shi ne kaɗai wanda na ga ƙarshensa da idona. Ya fita da kyau." Ta numfasa. "In na faɗa masa, ni na fara manna tambarin."

Na ce to sauran yaran fa, waɗanda za a yi wa tambari a goshi saboda girman kan mutum ɗaya?  Ta ce ba ta sani ba, kuma wataƙila ni ce mai gaskiya. Amma ta yi wa Jantina alkawari a bakin ƙofa, kuma Jantina tana nan da ranta a gidan tsofaffi, ɗanta yana kai mata furanni ranar Lahadi saboda ya ɗauka ita kaɗai ta yi masa komai. Ta kama hannuna, hannunta babu nauyi, ta sa na yi mata alkawari ni ma. Na yi, amma raina bai so ba, kuma har yau bai so ba.

Suka dawo aka ɗaga hannu. Biyu da ɗaya. Hillie ta ɗaga nata da kyar, sai da na tallafa mata gwiwar hannu. Menno ya sumbace ta a kumatu, ya ce za a sa sunanta a jikin ɗakin taron ofis. Suka fita ta inda suka shigo, suka bar mini furanni ina neman abin sa su.

Bayan ranar ba ta ƙara ta da maganar ba. Ni ce na yi ta tayarwa, ina wanke kofuna ina zage-zage, tana jina tana murmushi. Abinci ya ragu zuwa cokalin madara, sannan ya koma jiƙa leɓe. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa safe da yamma. Abin da ya rage mata shi ne taga, musamman da safe lokacin da yara ke wucewa makaranta, iyaye na tura kekuna.

Wata safiyar Talata ana yayyafi, wata yarinya ta wuce da rigar ruwa ja, ta rungumi faranti an rufe shi da leda, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Uwarta tana gefe tana riƙe mata laima. Hillie ta bi su da ido har suka kai kwana.

"Tamu ce?" in ji ta.

Na leƙa sosai. Makon nan darakta ce ta raba kayan da suka rage, ba ni ba. Na ce, "Ban sani ba."

"Yawwa," in ji ta.

Ta rufe ido. Kafin azahar Hillie ta cika, ina zaune kusa da ita, rediyo yana faɗin yanayin teku.

Ranar jana'iza ɗakin ya cika har waje. Akwai manyan mata da yawa da suka zauna a baya, ba su sa hannu a littafin ta'aziyya ba, ni ma ban nuna na san su ba. Menno ya yi jawabi, kuma ya iya jawabi. Ya ce Hillie uwa ce ga yaran da ba su yi sa'a irin tasa ba, ya nuna uwarsa a layin gaba a cikin keken guragu, mutane suka juya suna kallonta da sha'awa. Ya sanar da kamfanin inshora, wakilinsu ya miƙe ya ɗan rusuna. Na zauna na cije harshena har na ji gishirin jini. Da aka zo shan kofi da kek ya zo ya riƙe hannuna biyu ya ce ya san na yi rashi. Maganar tana bakina, na ji ɗuminta. Na ce masa kek ɗin ya bushe.

Mako biyu bayan haka mota ta sauke kwalayen farko a garejin Hillie, don magada ba su sayar da gidan ba tukuna, ofis kuma har yanzu ba shi da wuri. Makulli yana hannuna. Na buɗe kwali ɗaya na zauna a kan kujerarta ina kallo. Kowace alewa da tambarinta, shuɗi, zagayayye, da hoton laima. An manna su da kyau, ba a karkace ko ɗaya ba.

Na ji ana taɓa ƙofar baya. Jantina Wieringa ce, ba a keken guragu ba, da abin dogarawarta mai taya. Motar gidan tsofaffi ta ajiye ta a bakin layi, ta ce musu za ta gai da tsohuwar maƙwabciya. Ta tsaya tana haki, ta dubi kwalayen, sannan ta dube ni. Karo na farko ke nan da muka haɗa ido a bakin wata ƙofar baya.

"Ya ce mini an yi ƙuri'a," in ji ta. "Ya ce ta ƙi, amma ba ta kawo wata hujja ba."  "Ba ta faɗa masa ba?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ko da ta ga za ta faɗi ƙuri'ar?"

"Ko da ta gani."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. Na ɗauka kuka za ta yi, na fara neman hankici. Sai ta ce in matso mata da kujera, in kuma ɗebo ruwan ɗumi a kwano, don irin wannan gam ɗin ba ya son a yi masa gaggawa, in aka fizge yana yaga takarda.

Na ce mata za su gane, kuma wani kwalin zai zo wata mai zuwa, da wani bayansa.

"Duk ranar Laraba ba ni da abin yi," in ji ta.

Na kawo ruwan. Ta tsoma yatsa ta shafa a kan tambarin farko, ta jira, ta sa farce ta ɗaga shi a hankali. Takardar ba ta yage ba. Ta ajiye alewar a gefe, ta ɗauki ta biyu. Na ciro tsofaffin ledojin kanti daga inda Hillie take cusa su a bayan ƙofa, na zauna kusa da ita. A waje an tashi makaranta, muna jin ƙararrawar kekuna, 'yan shuɗɗan laimomin tambarin kuma suna taruwa a saman ruwan kwanon.